Wa Zai Biya Kuɗin Ƙaryar Marubuci?

Waɗanda muka yi zaman ƙungiya tare a babban hutun bara za su tuna na yi alkawarin kawo wasan kwaikwayo, har mun fara rabon wa zai fito a wane, sannan aka ji ni shiru. Wasu sun ce lalaci ne, wasu sun ce tsoron taro ne ya kama ni. Ban ba kowa amsa ba a lokacin, domin ni kaina ban gama fahimtar abin da ya tsayar da ni ba. Yanzu na ɗan fahimta, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wani zai amfana kafin ya faɗa ramin da na kusa faɗawa.

Wasan a kan mahaifin kakata ne. Tun muna yara a nan Kelle muke jin ana cewa a zamanin aikin dole, lokacin da kumandan ke aikowa daga Gure a tara masa samari don gyaran hanya da dakon kaya, gidanmu bai taɓa ba da mutum ko ɗaya ba. Da wannan magana muka tashi, muna hura hanci da ita. To ni da na zo rubutu, sai na ce ai mutumin da bai ba da ɗansa ba, lalle ƙi ya yi. Na tsayar da shi gaban gardi da bulalarsu, na sa masa jawabi mai zafi a baki, irin wanda in an yi shi a fili jama'a za su miƙe da tafi. Wallahi ni da kaina in na karanta sai tsigar jikina ta tashi.

Wata rana bayan sallar isha na ɗauki takardun na je na karanta wa kaka. Ta saurara har ƙarshe, tana ƴar dariya. Da na gama sai ta ce, "Angona, wa ya gaya maka haka aka yi?" Na ce ai kowa ya san ba mu ba da kowa ba. Ta ce, "Ba mu ba da mutum ba, gaskiya ne. Rago muka bayar." Sannan ta faɗa mini abin da uwarta ta faɗa mata. An sa sunan yayanta cikin waɗanda za a tafi da su. Cikin dare mahaifinsu ya ja rago ya kai wa mai haɗa sunayen. Da gari ya waye, sunan ya koma na ɗan wata bazawara maƙwabciyarmu, wadda ba ta da rago, ba ta da mai tsaya mata. Yaron ya tafi, bai dawo ba. Jikokin ƙanwarsa su ne waɗanda katanga ɗaya ta raba mu da su har yau, kullum safiya muna gaisawa. Kaka ta ce, "In ka sa baba ya yi wa gardi tsawa a gaban jama'a, mutanen gidan can ma za su zo kallo. Me za ka ce musu?"

Ban ce komai ba. Amma a zuciyata gardama nake yi, kuma makamin gardamata sunan mutum ɗaya ne: Mamani Abdullahi, wanda littattafai ke rubutawa Abdoulaye Mamani. Na ce in shi ya yi, me zai hana ni?

Ga wanda bai san shi ba, Mamani ɗan yankinmu ne. An haife shi a 1932 a Gudumariya, gabas da Gure, kuma Damagaram ce garin da ya yi suna. Ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, kuma bai kai shekara 30 ba aka zaɓe shi wakilin Damagaram a majalisa. Sawaba ita ce ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka haramta ta a 1959. Mamani ya yi gudun hijira na kusan shekara 14, ya daɗe a Aljeriya, a can waje ya fitar da waƙoƙinsa da wasan kwaikwayonsa Le Balai, wato Tsintsiya. Ya dawo gida bayan juyin mulkin Saini Kunce na 1974, daga baya kuma gwamnatin ta tsare shi. A 1980 aka buga littafinsa Sarraounia a Faransa. Ya rasu a 1993 a haɗarin mota kan hanyar Yamai, zai je karɓar kyautar adabi ta Bubu Hama. Mutumin da ya sha hijira da kurkuku saboda abin da ya yarda da shi, ba za ka kira shi mai wasa da gaskiya kai tsaye ba.

Amma dubi abin da ya yi a littafin. A watan Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga bakin kogin Kwara tana ƙone garuruwa, ta iso Lugu a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi. Mutanen Lugu, ƙarƙashin Sarauniya Mangu, suka ƙi miƙa wuya, suka yi faɗa da kibau, sannan suka shige kurmi. An ƙone garin. Abin da hafsoshin Faransa suka rubuta a kanta ƴan layuka ne, kuma da raini suka rubuta: Joalland, wanda ke cikin rundunar, tsohuwar matsafiya ya ɗauke ta. Daga waɗannan ƴan layuka da abin da ya tsinta a bakin mutane, Mamani ya gina mace matashiya, jaruma mai baka da kwari, ya ba ta ƙuruciya, ya ba ta wanda ya rene ta, ya ba ta masoyi, ya sa mata jawabai a baki. Har ya ɗaura rushewar rundunar a kan tsoron da ta dasa musu. A tarihi, rundunar ta wuce Lugu ta yi ɓarnar da ta fi muni a Birnin Ƙonni a watan Mayu, sai a 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a yankin Mai Jirgi, kusa da Tasawa. Ragowar rundunar kuma ita ce ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen watan.

To ka ga, na ce da kaina, Mamani ya ƙara gishiri, kuma duk ƙasa ta gode masa. Ni don na ƙara wa kakana ɗan jawabi sai ya zama laifi?

Na kai maganar gaban abokai biyu, kowane ya ja ni gefensa. Na farko, wanda muke tsokana da ustaz, ya ce ai matsalar daga tushe take. Ƙagaggen labari sunansa ya nuna shi: ƙage ne, ƙage kuwa ƙarya ce, kuma duk mun san inda addini ya ajiye maƙaryaci. A ganinsa da ni da Mamani jirgi ɗaya ya kwaso mu. Na yi tunani a kan wannan, amma ban gamsu ba. Ƙarya tana buƙatar wanda za a yaudara. In kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka ce ta zo mu ji ta, mun ƙulla yarjejeniya ke nan: ita ta san Gizo bai taɓa auren ƴar sarki ba, mu ma mun sani. In ta gama kuma sai ta rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Kakanninmu ba su yi karatun falsafa a lakkwal ba, amma sun san a sa wa labari alama a ƙofar shiga da ƙofar fita. Mamani ma bai ce littafin tarihi ya rubuta ba, labari ya ce.

Sai dai ustaz yana da rabin gaskiya, kuma ban so in ɓoye ta. Alamar nan ba ta bin labari duk inda ya je, tana faɗuwa a hanya. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim, aka ɗauke shi a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a Sarauniya, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yau akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, akwai makarantu, akwai waƙoƙi. Cikinmu nan, mutum nawa ne suka karanta littafin? Amma in aka ce Sarauniya Mangu, hoton da ke zuwa mana shi ne matashiya da baka a hannu, kuma tarihi muke ɗaukarsa. Ni kaina a waya na fara ganin fim ɗin, kuma sai da na girma na san Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya da ake gada a Lugu, garin da ke da dutsen shari'ar nan Tunguma. Ashe ke nan marubuci ba zai fake da cewa ai na rubuta "labari" a bango ba. Bangon littafi yana yagewa, labarin ya ci gaba da tafiya. Wasan kwaikwayo ma ya fi haɗari, domin shi gani ne, gani kuwa ya kori ji.

Aboki na biyu ɗan kishin ƙasa ne na gaske. Ya ce in daina wahalar da kaina. Nasara ya yi shekara 60 yana rubuta mu yadda ya ga dama, ya kira masu kare garinsu ƴan tawaye, ya kira limaman gargajiya matsafa. Al'ummar da aka karya wa gwiwa tana buƙatar gwarzaye kamar yadda take buƙatar hatsi. In ƙarya ta rusa mu, me ya sa ƙarya ba za ta gina mu ba? Wannan hujja tana da nauyi, kuma na san daɗinta, don na ga yadda ƙannena mata ke miƙe wuya in an ambaci Sarauniya. Amma da na auna ta da maganar kaka sai na ga inda ta yoye. Abokina yana lissafin ribar ƙarya, bai lissafa wanda zai biya ba. Ba a ɗinka wa mutum rigar jarumta daga iska. Sau da yawa yadin daga jikin wani ake yanko shi.

Wannan ba ciwon ƙasarmu kaɗai ba ne. Turawan Ingila suna da babban marubucin wasan kwaikwayonsu, Shakespeare, wanda ya rubuta wasa a kan sarkinsu Richard na Uku, ya fito da shi mugu, mai doro, mai shanyayyen hannu. Ya rubuta shi ne a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, jikar mutumin da ya ci Richard da yaƙi a 1485 ya hau gadonsa. Wasan ya yi daɗi, gidan sarauta bai ji haushi ba, duniya ta haddace. Sai a 2012 aka tono ƙasusuwan Richard ƙarƙashin wurin ajiye motoci a garin Leicester, aka ga lalle ƙashin bayansa a karkace yake, amma hannuwansa lafiya lau. Ban ce Richard waliyyi ne ba. Abin da nake nunawa shi ne, fiye da shekara 400 mamaci yana ɗauke da shanyayyen hannun da alƙalami ya ba shi, kuma ba shi da bakin cewa ba nawa ba ne. Ana cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Ƙaryar gwanin marubuci kam tana ƴaƴa har da jikoki.

Daga nan na samu ma'aunin da nake so in ba ku, ku gwada ku gani ko zai riƙe. In za ka ƙaga wani abu a kan mutanen da suka taɓa rayuwa, ka yi wa kanka tambaya biyu. Ta farko: akwai ƙashi a ƙarƙashin naman da nake ɗorawa? Ta biyu: wa zai biya kuɗin abin da na ƙara?

Mu auna Mamani. Ƙashi akwai shi. Lugu ta ƙi, ta yi faɗa, an ƙone ta, takardun maƙiyi da kansu sun shaida. Jarumtar ba shi ya ƙirƙiro ta ba, shiru ya tarar ya cike, shirun da mai bindiga ya bari domin shi ne ke riƙe da alƙalami. Wa ya biya? Voulet da Chanoine ba a zalunce su ba, tunda gwamnatinsu ce da kanta ta tura Klobb ya binciki ta'asarsu. Amma ba zan ce kyauta aka samu labarin ba. Matar Lugu ta gaskiya, ko tsohuwa ce ko ba tsohuwa ba, ta shige bayan hoton ƴar fim, kamar dai mun ji kunyar a ce mai tsafi ce ta tsaya wa Nasara sai mun gyara ta. Mutanen Ƙonni da sauran garuruwan da aka hallaka ba su samu marubucinsu ba, sai labarin shekarar 1899 ya zama na mutum ɗaya. Wannan bashi ne, amma bashin da za a iya biya: wani cikinmu ya je ya rubuta Ƙonni, wani ya rubuta Tirmini. Littafin Mamani bai rufe wa kowa ƙofa ba. Ni dai a wurina abin da ya bayar ya fi abin da ya ɗauka nesa ba kusa ba.

Yanzu mu auna ni. Ƙashi babu. Kakana bai ƙi ba, saye ya yi. Wa zai biya? Yaron bazawara, karo na biyu. An fara cire shi daga gidan uwarsa don a tsira da namu, ni kuma na zo bayan shekara 80 zan cire shi daga labarin don in yi wa namu rawani. Kuma zan yi hakan ne a gaban danginsa, su zauna a tabarma su tafa. In ka duba da kyau, wannan ya wuce ƙarin gishiri, ya kusa zama shaidar zur. Mamani ya ba wadda aka toshe wa baki murya. Ni murya zan ƙara wa wanda ya riga ya tsira, in ƙara danne wanda aka toshe. Kayan aikinmu ɗaya da shi, alƙalami da ƙage, amma ba aiki ɗaya muka yi ba.

Wani zai ce wannan ma'auni zai kashe rubutu, don babu labarin da ba ya taɓa wani. Ban ce kada a taɓa kowa ba. Gaskiya ɗaci gare ta, in ta taɓa mai laifi, nauyinsa ne ya ɗauka. Abin da na ce shi ne kada ka ɗora wa mara laifi kuɗin daɗin da kake so masu kallo su ji. Wanda ke ƙaga Gizo da Ƙoƙi, ko saurayi da budurwar da ba su taɓa wanzuwa ba, wannan tambaya ba ta cika damunsa ba. Mai taɓa matattu na gaskiya, shi ne ke tafiya cikin gonar mutane, dole ya duba inda yake taka ƙafa.

Saura tambaya mafi wuya, wadda ta hana ni barci fiye da ta farko. In ba zan yi wa kakana ƙarya ba, sai in tona masa asiri ke nan? An tarbiyyantar da mu a kan rufin asiri, musamman na wanda ya riga mu gidan gaskiya. Kuma in na zauna na auna, wane ne ni da zan yanke masa hukunci? Uba ne aka ce ya kawo ɗansa, ya san waɗanda ke tafiya ba duka ke dawowa ba, yana da rago a turke. Ɗan'uwa, kai da kake karanta wannan, ka tabbata da kai ne ragon zai kwana a turkensa? Ni ban tabbata ba. Babban mai laifi shi ne tsarin da ya ce lalle gari ya kawo adadi kaza, tsarin da bai faɗi ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin dole a Afrilu 1946. Amma tsari bai ja rago cikin dare ba, mutum ne ya ja. Duka biyun gaskiya ne, kuma wasan da ya ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya, shi ma ƙarya ce.

Na ga wannan labari ba nawa ne ni kaɗai ba, don haka na nemi izinin kaka, sannan na shiga gidan maƙwabta na durƙusa gaban dattijon gidan. Ina ta kame-kame, ban san ta inda zan fara ba. Ya bar ni na gama wahala, sannan ya ce, "Yaro, wannan ne ya kawo ka? Ai mun sani. Tsofaffin unguwar nan duk sun sani. Ku ne yara ba ku sani ba." Na ce, "Baba, to yaya aka yi kuke gaisawa da mu?" Ya ce, "Kakanka ya noma wa tsohuwar nan gonarta har ta rasu, bai taɓa faɗin dalili ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Wannan tsakaninsu ne da Allah." Ya yi shiru, can ya ce, "In za ka rubuta, ka rubuta. Amma kawuna ya tafi ba wanda ya ji ta bakinsa. Ka sa shi ya yi magana."

Ka ji fa. Wanda na ji tsoron ƙaryata za ta cuta, shi ne yanzu yake roƙona in ƙaga. Babu mai rai da ya san abin da yaron nan ya faɗa a hanyar Gure, ko ya waiwayo, ko ya san an musanya sunansa. Duk abin da zan sa masa a baki ƙage ne. Amma akwai ƙashi a ƙarƙashi, kuma masu haƙƙi sun yarda. Sai a ranar na gane abin da Mamani ya yi wa Lugu, na kuma gane ban taɓa bin sawunsa ba sai yanzu.

Wasan na nan tafe a babban hutu in Allah ya kai mu. Babu jawabi gaban gardi, masu jiran tafi su yi haƙuri. Akwai bazawara, akwai ɗanta, akwai gona da ake nomawa ba a magana. Muna neman wanda zai fito a yaron da wadda za ta fito a uwarsa, mai so ya same ni bayan zaman ƙungiya. Wanda zai ja ragon kam kada kowa ya nema, ni zan ja shi.